Ɗigon Mai a Ƙafar Baya

Ɗan'uwa, ka taɓa lura da baƙin mai yana tsatsafowa a ƙafar baya ta tsohuwar babbar mota? 'Yar robar da ke tare man giya a bakin aksul ce ta cinye. Direba yakan goge da tsumma ya ce, "Bari mu kai Damagaram tukuna." Amma man nan birki yake jiƙawa a ɓoye. Ranar da ya taka a gangara, ba zai kama ba.

Makaniki kuwa sai ya kwance ƙafar, ya zare ƙarfen, ya sa sabuwar roba, ya sauya birkin da ya sha mai.

A Zabura 32, Dawuda ya ɓoye zunubinsa har ƙarfinsa ya ƙare, kafin ya furta, Ubangiji ya gafarta masa. Kai fa, me kake gogewa da tsumma?

Addu'a: Ya Yesu, ga abin da nake ɓoyewa. Ka kwance, ka gyara. Amin.