Wane Ne Mai Masaukin Sabon Malami?

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Yawancinmu ba a Lafia aka haife mu ba. Wani daga Kano ya zo, wani Katsina, wani Sakkwato, wani ma daga Maradi. Kowa ya tuna ranar da ya sauka a tasha da 'yar jakarsa. Akwai wanda ya ba ka tabarma ka kwana a zaurensa, ya nuna maka kasuwa, ya gaya maka wanda za ka yi hulɗa da shi da wanda za ka kiyaya. Ba don mai masaukin nan ba, da wallahi da yawanmu mun koma gida.

To, akwai baƙon da muke mantawa da shi, shi ne sabon malami.

Bara, wani matashi ya fara koyarwa a islamiyyarmu. Yana da karatu, yana da ladabi. Muka miƙa masa alli da rajista, muka nuna masa ƙofar aji, shi ke nan. Babu wanda ya leƙa shi, har da ni mai wannan rubutu. Yara suka raina shi, ya ɗauki bulala, wani uba ya zo ya zage shi a gaban ɗalibansa. Zangon bai ƙare ba ya ajiye aikin. Da na same shi daga baya, ya ce mini: "Malam, ba kuɗin ne suka kore ni ba. Ban san wanda zan tambaya ba ne." Na ji kunya ƙwarai, domin laifin namu ne.

Mu duba yadda magabata suka yi. Bayan mubaya'ar Aƙaba ta farko, Manzon Allah (SAW) ya tura Mus'ab bin Umair (RA) Madina ya koyar da Alƙur'ani. Matashi ne, baƙo ne. As'ad bin Zurara (RA) ya sauke shi a gidansa, ya riƙa zagayawa da shi unguwannin Ausu da Hazraju, yana sanar da shi su wane ne manyan gari. A irin wannan fita ne Usaid bin Hudair da Sa'ad bin Mu'az suka musulunta. Ilimin na Mus'ab ne, amma As'ad ne ya san ƙofofin.

Haka da za a tura Mu'az bin Jabal (RA) Yaman, Manzon Allah (SAW) ya raka shi da ƙafa yana masa wasiyya. Ya tsara masa abin da zai fara da shi: tauhidi tukuna, in sun karɓa sai salla, sannan zakka. Ka ga, ko masani yana bukatar a nuna masa mataki bayan mataki. A ƙasarmu ma, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta karantar da jajis, ta naɗa musu malfa, kuma suna komowa wurinta su ƙara karatu kafin su koma ga 'Yan Taru a ƙauyuka.

Yau 'ya'yanmu na fitowa da NCE daga Kwalejin Ilimi ta Akwanga bayan shekara 3, wasu da digiri daga Jami'ar Tarayya ta Lafia da aka kafa a 2011. Wasu su yi rajista da hukumar TRCN. Duk wannan alheri ne, amma takarda ba ta koya wa mutum yadda zai tsaya gaban aji mai cunkoso, inda wani yaro Eggon yake ji a gida, wani Alago, wani Gwandara, wani Tibi, wani Hausa. Wannan sai a bakin wanda ya daɗe a aikin.

Saboda haka ga abin da muke roƙo, tun daga wannan mako:

Tsofaffin malamai, kowa ya ɗauki sabo ɗaya. Ka zauna a bayan ajinsa sau ɗaya a mako, shi ma ya zauna a naka. Ku tsara darasi tare. In ka ga kuskure, ka bari sai an tashi, ku biyu kawai, ka fara da abin da ya yi daidai.

Kwamitin makaranta, kada a ba sabon malami ajin da kowa ya gudu daga gare shi. Alawus ɗinsa kuma, komai ƙanƙantarsa, a biya a kan lokaci. Haƙƙi ne, za a tambaye mu.

Iyaye, in kuna da ƙorafi, ku je wurin hedimasta. Duk wanda ya wulaƙanta malami a gaban ɗansa, ya sani ɗan nasa ya cuta.

Ku kuma sababbin malamai, ku yi tambaya. Babu wanda aka haifa da iya koyarwa.

Duk harafin da wannan malami zai koyar nan da shekara 30, kana da rabo a ladansa in kai ka riƙe hannunsa a shekararsa ta farko, in sha Allahu. Masu niyya su ba da sunansu ga ladan bayan sallar Juma'a.

Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da Lafia lafiya. Amin.