Tauraron Ɗan Hunturu

Masu hisabi sun ce wanda aka haifa tsakanin 22 ga Disamba da 19 ga Janairu ɗan burujin Jadyu ne, Zuhal ke mulkinsa, don haka wai zai tashi miskili mai riƙo. A wajenmu, daga Ƙauran Namoda har Shinkafi da Zurmi, zancen bai tsaya ga hira ba. Na san auren da aka fasa bayan an kai kuɗi, don mai duba ya ce taurarin yaran ba su haɗu ba.

To, 'yan'uwana ɗalibai, ga abin da ke damuna. Wannan lissafi ya kai shekara 2,000, alhali taurari suna gocewa daga gurbinsu na lissafin da daraja ɗaya kowace shekara 72. A zamaninmu, ran 1 ga Janairu rana tana cikin taurarin Ƙausu ne, ba Jadyu ba. Ashe da wane tauraro aka yanke wa yaran nan hukunci?

Manomin da ke duban Kaza da 'Ya'yanta don sanin lokacin shuka, ban ga laifinsa ba, gama damina za ta gaskata shi ko ta ƙaryata shi kafin kaka. Shi kuwa mai duba, auren da za a gwada maganarsa da shi, shi ne ya hana a ɗaura.