Na'urar da ba ta neman izini

Tun shekarar 2011 matatar man SORAZ ke aiki a arewacin Zinder, an gina ta don tace ganga 20,000 kowace rana. A irin wannan masana'anta, in zafi ko matsi ya zarce iyaka, akwai na'urar da ke rufe bututu ta kashe wutar tanderu nan take, ba ta jiran darakta. Wani malami ya ce mini wannan ƙasƙanci ne ga ɗan Adam: ƙarfe na yanke hukunci, mai hankali na kallo.

Ban yarda ba. Hukuncin na mutum ne, ya yanke shi tun ranar da hankalinsa ke kwance, domin ya san halinsa. Ranar da layin motoci ya yi tsawo a gidajen mai, ana ta bugo waya daga Yamai, wa ke da zuciyar cewa a tsaya? A Bhopal ta Indiya, a 1984, an riga an kashe injin sanyaya tankin guba tun kafin daren da dubbai suka hallaka. Ni abin da nake tsoro shi ne hannun da zai tsinke wayar na'urar, da kyakkyawar niyya, don kada gari ya kwana babu esansi.