Girman Kai Rawanin Tsiya: Abin da Maƙwabta Kiristoci Ke Karantarwa da Rabon Muridi a Ciki

Godiya ta tabbata ga Allah, Ma'abocin girma da ɗaukaka Shi kaɗai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

A ƙasar Arewa, daga Dogon Dutsi da Matankari har zuwa Tibiri da Gecheme, Kiristoci 'yan tsiraru ne a tsakiyar Musulmi. Akwai mishan ɗin Katolika a Dogon Dutsi, akwai kuma majami'un Furotesta a yankin. Ana cuɗanya da su a kasuwa da makaranta da gidan likita, amma kaɗan ne daga cikin 'yan'uwa suka san abin da ake karantar da su game da girman kai da tsoron Allah. Alƙur'ani da kansa ya ba da dalilin neman sani. A Suratul Ma'ida, aya ta 82, Allah Ya ambaci waɗanda suka ce su Nasara ne a matsayin mafi kusa da muminai wajen ƙauna, Ya kuma faɗi dalili: akwai malamai da masu bauta a cikinsu, kuma ba sa yin girman kai. Masu tafsiri da dama sun danganta ayar da Najjashi, sarkin Habasha, da mutanensa, waɗanda suka karɓi sahabban da suka yi hijira zuwa wurinsu a shekarar 615.

Bambancin aƙida yana nan daram. Musulmi ya yi imani da cewa Annabi Isa (AS) bawan Allah ne kuma ManzonSa, ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba, kuma hukuncin ranar ƙarshe na Allah ne Shi kaɗai. Maganar da ke nan ta ɗabi'a ce, wadda Allah Ya yabe ta a wurin wasu mutane, don haka ya dace mai neman gyaran zuciya ya dube ta.

A Linjilar Luka, babi na 18, akwai misalin mutum biyu da suka shiga Haikali yin addu'a. Ɗaya Bafarisiye ne, wato malami mai tsantseni a shari'ar Yahudawa. Ɗayan mai karɓar haraji ne, wanda jama'a ke kallo a matsayin maciyin amana. Malamin ya tsaya yana lissafa azuminsa da zakkarsa, yana gode wa Allah da bai yi shi kamar wancan mai zunubin ba. Mai karɓar harajin kuwa ya tsaya daga nesa, ya kasa ɗaga ido sama, yana bugun ƙirji yana neman jinƙai. Labarin ya ƙare da cewa mai zunubin ne ya koma gida karɓaɓɓe. Abin lura, malamin bai yi ƙarya ba: azumin ya yi, zakkar ya bayar. Abin da ya halaka shi shi ne ganin aikinsa da raina ɗan'uwansa.

Manyan malamansu sun yi gini a kan wannan. Agustin, ɗan Arewacin Afirka da ya rasu a shekarar 430 a garin Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, ya karantar da cewa girman kai shi ne mafarin kowane zunubi. Benedik, wanda ya tsara ƙa'idar masu keɓe kansu don bauta a Italiya a ƙarni na 6, ya kasa tawali'u matakai 12, ya sanya matakin farko shi ne mutum ya riƙa tsoron Allah a kowane lokaci, yana tuna cewa ana ganinsa kuma zai tsaya a yi masa hisabi. Duk wanda ya karanta babin muraƙaba a littattafan sufaye zai gane wannan magana.

Karantarwar ta shiga cikin ibadarsu ta shekara. A majami'un Katolika, ranar Larabar da suke fara azuminsu na kwana 40, ana shafa wa kowa toka a goshi, attajiri da talaka, ana tuna masa cewa daga ƙasa ya fito kuma can zai koma. Ranar Alhamis ta kafin Ista kuma limamin coci yakan durƙusa ya wanke ƙafafun wasu daga cikin jama'arsa, don koyi da abin da Linjilar Yahaya, babi na 13, ta ce Almasihu ya yi wa almajiransa.

Game da ranar hisabi, Linjilar Matiyu, babi na 25, ta siffanta yadda za a raba mutane gida biyu kamar yadda makiyayi ke ware tumaki da awaki. Ma'aunin da aka ambata shi ne: wa ya ciyar da mai yunwa, wa ya shayar da mai ƙishirwa, wa ya sauki baƙo, wa ya tufatar da marar sutura, wa ya gaida marar lafiya da ɗan kurkuku. Ɗalibin hadisi zai tuna da hadisin ƙudusi da ke cikin Sahihu Muslim, inda Allah zai tuhumi bawa ranar alƙiyama a kan marar lafiyar da bai gaida ba, da mai yunwar da bai ciyar ba, da mai ƙishirwar da bai shayar ba.

Duk wannan yana da asali mai ƙarfi a gidan Musulunci. Iblis ya san Allah, ya kuma daɗe yana bauta, amma da aka ce ya yi sujada ga Annabi Adamu (AS) sai ya kafa hujja da asalinsa na wuta, kamar yadda ya zo a Suratul A'araf. Imam Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud cewa mai ƙwayar zarra ta girman kai a zuciya ba zai shiga Aljanna ba, kuma Manzon Allah (SAW) ya fassara girman kan da ƙin gaskiya da raina mutane. Imam Gazali ya keɓe littafi guda a cikin Ihya don zargin girman kai da jiji-da-kai, ya nuna cewa malamai da masu ibada su ne suka fi kusa da wannan cuta. Ibnu Aɗa'illah kuma a cikin Hikam ya fifita saɓon da ya haifar da ƙanƙan da kai a kan ɗa'ar da ta haifar da taƙama.

Ƙasar Arewa ta taɓa ganin ƙarshen girman kai da idonta. A shekarar 1899 sojojin Faransa ƙarƙashin Bule da Shanuwan suka ratsa yankin a hanyarsu ta zuwa tafkin Cadi, suna ƙona garuruwa suna kashe mutane. A watan Afrilu suka afka wa Lugu, garin Sarauniya Mangu, a watan Mayu suka yi kisan gilla a Birnin Ƙonni. Da gwamnatinsu ta turo Kanar Kulob ya dakatar da su, Bule ya sa aka harbe shi ranar 14 ga Yuli, aka kuma ruwaito ya shelanta cewa ya fita daga biyayyar Faransa, zai kafa daularsa. Kwana uku ba su cika wucewa ba sojojinsu da kansu suka kashe su duka biyu a wajen Maijirgi, kusa da Tasawa. Waɗannan mutane sun fito daga ƙasar da aka yi ƙarnoni ana karanta misalin Bafarisiye a majami'unta, kuma littafin Karin Magana da ke hannun Kiristoci ya yi gargaɗi cewa fahariya ce ke shige wa halaka gaba. Zama kusa da karatun bai amfane su da komai ba, domin bai shiga zuciya ba. In gemun wani ya kama wuta, mai hankali shafa wa nasa ruwa yake yi.

Nan ne rabon muridi. Girman kansa ba kasafai yake zuwa da bindiga ko dukiya ba, ta ƙofar ibada yake shigowa. Mutum ya fito daga wazifa ya ga wanda bai zo ba, zuciyarsa ta ce masa ya fi shi. Ya gama zikirin Juma'a ya wuce ɗan Izala, ko Kirista, ko tsohuwar da har yanzu take riƙe da al'adun bori, ya yanke musu hukuncin da Allah bai ba shi ikon yankewa ba. Ɗalibin da ya dawo hutu daga jami'ar Yamai ko ta Dosso ya riƙa gyara wa mahaifinsa karatun Fatiha a gaban jama'a. Gwano ba ya jin warin jikinsa, shi ya sa ake buƙatar shehi mai tarbiyya da abokan zama masu faɗin gaskiya.

Daga cikin sharuɗɗan riƙon ɗariƙar Tijjaniyya akwai kada muridi ya amince wa makircin Allah, wato kada ya ɗauki falalar wuridi ta zame masa takardar tsira ya saki jiki. Babu wanda ya san da me za a cika masa. Umar ɗan Haɗɗabi (RA) ya fita da takobi da nufin kashe Manzon Allah (SAW), ya kwana yana Musulmi.

Gwajin tawali'u a Arewa a fili yake. Idan rumbuna suka yi ƙasa kafin sabon gero ya nuna, wa ya leƙa gidan maƙwabci bai tambayi addininsa ko ƙungiyarsa ba? Wa ya fara yin sallama ga wanda suka yi saɓani? Wa aka faɗa wa gaskiya ta bakin yaro ko ta bakin abokin hamayya ya karɓa? Ranar hisabi ba za a auna tsawon carbi ko girman rawani ba.

Allah Ya tsarkake zukatan 'yan'uwa daga girman kai da jiji-da-kai, Ya azurta su da tsoronSa a ɓoye da bayyane, Ya zaunar da ƙasar Arewa da Nijar baki ɗaya lafiya, Ya sa a cika da kyau da imani, albarkacin Annabin rahama (SAW). Amin.