Karo-karon Unguwa da Harajin Daji a Ƙasar Gobir

A garuruwan gabashin Sakkwato, tun daga Bafarawa da Isa har zuwa Sabon Birni da ke kusa da iyakar Nijar, mutane sun daɗe da sanin aikin gayya, wato taruwar maƙwabta su yi wa ɗayansu noma ko yaɓe ba da lada ba, sai fura da tuwon da mai aikin zai fitar. A wannan zamani gayyar ta zama ƙungiya mai shugaba da ma'aji da magatakarda, ƙarfin dantse kuma ya koma kuɗi, domin gyaran rijiyar burtsatse da katange maƙabarta da biyan masu sintirin dare ba sa yiwuwa sai an yanka wa kowane gida abin da zai kawo. Daga nan tambayar fiƙihu take tasowa, ko wannan karo-karo sadaka ce da mutum zai bayar idan ya ga dama, ko kuwa haƙƙi ne da ya hau kansa, wanda ƙin biyansa laifi ne a wurin Allah.

Mai cewa ba dole ba ne yana da hujja mai ƙarfi, domin asalin shari'a shi ne dukiyar Musulmi ba ta halatta ga kowa sai da daɗin ransa. Wannan hujja ta fi nauyi a ƙasar Gobir, saboda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a littafinsa Kitabul Farƙi, ya lissafa jangali da kuɗin gari da gaisuwa cikin zaluncin sarakunan da ya yaƙa, kuma a kan wannan rikici ne birnin Alkalawa ya faɗi a 1808. Bai kamata a yi gaggawar kiran mai ɗari-ɗari da kuɗin da aka ɗora masa marowaci ba.

Sai dai amfanin da ƙungiyar unguwa take samarwa ba ya rabuwa gida-gida. Wanda ya ƙi biyan masu sintiri yana barci a ƙarƙashin gadinsu, gawar ɗan'uwansa kuma a maƙabartar da wasu suka katange za a kai ta. Irin waɗannan ayyuka malamai suna sanya su cikin farillan kifaya, wato wajibin da yake kan jama'a baki ɗaya, wanda idan wasu suka tsayar da shi ya sauka daga kan saura, idan kuwa kowa ya bari duka sun yi laifi. Imam Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus da ya rasu a 790 bayan hijira, ya halatta ɗora wa jama'a kuɗin gina ganuwa idan baitulmali ya kasa, yana dogaro da maslaha, wato amfanin jama'a da shari'a take kiyayewa ko da babu nassi a kansa kai tsaye. Amma shi da shugaba mai iko yake magana, ƙungiya kuwa ba hukuma ba ce, saboda haka ikonta bai wuce yardar da aka ba ta a taron fili gaban mai unguwa da liman ba. Abin da ya fi dacewa da dalili shi ne biyan ya wajaba a kan mai hali da yake cin moriyar aikin, matuƙar an yanka wa kowa daidai ƙarfinsa kuma ana karanta lissafi a bainar jama'a, ba tare da ƙungiyar ta sami damar ƙwace kayan wanda ya ƙi ko tozarta iyalinsa ba.

Lamarin ya ƙara tsanani tun daga 2021, lokacin da 'yan bindiga irin su Bello Turji suka riƙa yanka wa ƙauyukan Isa da Sabon Birni haraji kafin a bar su su yi noma ko girbi. Abin baƙin ciki shi ne hannun da yake tara kuɗin rijiya shi ne yake bi gida-gida yana tara kuɗin azzalumi. Malaman Malikiyya sun tattauna makamancin wannan, kamar yadda Ƙurɗubi ya kawo a tafsirin Suratush Shura: idan mai iko ya ɗora wa gari wani adadi bisa zalunci, Dawudi yana ganin wanda ya sami hanyar zamewa zai iya zamewa, Sahnunu kuwa ya hana. Fahimtar Sahnunu ce ta fi kusa da adalci a halin da Gobir take ciki, domin adadin ba ya raguwa don wani ya kuɓuta, kasonsa kan bazawara da talakan da ba shi da uwa a gindin murhu yake komawa. Harajin haramun ne ga mai karɓarsa, amma raba nauyinsa da gaskiya wajibi ne a kan masu tarawa, kuma dattijon da aka tilasta wa tarawar don ya tsare rayukan mutanensa ba a sanya shi sahun azzalumai, sai idan ya ƙara wani abu don aljihunsa ko ya sassauta wa danginsa.

Akwai kuma waɗanda littafin ma'aji bai san da su ba, wato 'yan gudun hijirar da suka baro ƙauyukansu suka raɓa a makarantu da kangayen cikin gari. Shari'a ba ta sharɗanta mallakar gida kafin mutum ya zama maƙwabci ba, kuma Annabi (SAW) ya yabi Ash'ariyawa ne saboda idan abinci ya yi musu ƙaranci sukan haɗa abin da ya rage su raba daidai. Saboda haka waɗannan baƙi suna da haƙƙin ɗiban ruwan rijiyar da ba su biya ba da binne mamatansu a maƙabartar unguwa, kuma kason da ya kamata su kawo yana komawa kan masu hali har zuwa lokacin da za su iya komawa gonakinsu.