Haihuwa Ta Tiyata: Maigida, Kada Izininka Ya Makara

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa, tunatarwar wannan Juma'a a kan matanmu masu juna biyu ce. Kowace mace tana fatan ta haihu da kanta, mu ma fatanmu ke nan, don ita ce hanya mafi sauƙin warkewa idan komai lafiya. Amma a nan Legas mun sha ganin likita ya ce sai an yi aiki, matar ta fashe da kuka ta ce a'a, maigida yana Mile 12 ana sauke tumatir ko yana hanyar Kano waya ba ta shiga, uwar miji kuma daga Arewa tana cewa a ƙara haƙuri. Kafin baki ya zo ɗaya, awa uku ta wuce.

Idan ka tambayi matan, dalilansu ba ɓoyayyu ba ne. Wata tsoron gori take, kada kishiya ko dangin miji su ce raguwa ce. Wata ta ji an ce duk wadda aka yanka ba za ta wuce 'ya'ya uku ba. Wata tausayin aljihun maigida take. Wata kuma gani take yarda da tiyata rashin tawakkali ne.

To mu fara da addini. A Suratul Baƙara aya ta 195 Allah Ya hana mu jefa kanmu cikin halaka. A hadisin Tirmizi, Annabi (SAW) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna sannan ya yi tawakkali, kuma ya umarce mu da neman magani. Gaskiya ne hadisi ya zo a Muwaɗɗa cewa macen da ta rasu wajen haihuwa tana cikin shahidai. Wannan darajarta ce ita. Mijin da ya hana a ceto ta alhali da hanya, nasa hisabin daban. Idan babu likita mace, malamai sun halatta namiji ya yi aikin saboda larura. Allah Ya ambaci wahalar uwa a Suratu Luƙman da Suratul Ahƙaf, bai ware wadda ta haihu a ɗaki da wadda aka yi wa aiki ba. Saboda haka mai yi mata gori ta ji tsoron Allah.

Likita ba ya ambaton aiki haka kawai. Akwai doguwar naƙuda, inda kan jariri ya fi ƙarfin ƙugun uwa. Akwai jaririn da ya kwanta a gicciye, da mabiyiya da ta tare ƙofa, da jini mai ɓallewa, da hawan jini mai kawo jijjiga. A doguwar naƙuda kan yaro yana danne mafitsara har naman wurin ya mutu. Daga nan yoyon fitsari yake samuwa, kuma galibi yaron ba ya zuwa da rai. Wanda ya san asibitin Babbar Ruga a Katsina ya san yawan 'yan'uwanmu da wannan ciwo ya raba da gidajensu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna haihuwa 3 kacal cikin 100 ake yi ta tiyata a Najeriya, kuma mata 512 ke rasuwa a duk haihuwa 100,000.

Batun 'ya'ya uku kuwa ba doka ba ce, likita ne ke duba yanayin mahaifar kowace mace. Da yawa sun haihu da kansu bayan aiki ɗaya. Sharaɗin shi ne a ba da tazara ɗinki ya yi ƙwari, kuma haihuwa ta gaba a asibiti za a yi ta, ban da gida, ban da shan maganin ƙara naƙuda. Haka kuma tiyata babban aiki ne, kada a neme ta don gudun ciwo kawai. Jinin da ya biyo bayanta jinin biƙi ne, hukuncinsa ɗaya a sallah da azumi.

Magidanta, ga abin da muke roƙo. Ka bar iyalinka ta riƙa zuwa awo, ka raka ta ko sau ɗaya ka ji daga bakin likita. Tun ciki yana wata bakwai ku zauna ku yanke magana, ka ce mata: "Idan an ce aiki, na yarda, ko ina nan ko ba na nan." Tana da ikon sa hannu da kanta, amma mun san matanmu, sai sun ji daga bakinka. Ka sanar da Hajiya a gida tun yanzu. Ka ware kuɗin haihuwa daban da jari, ka tanadi mai mota ko mai Keke da zai ɗaga waya da tsakar dare, don kowa ya san cunkoson garin nan. A Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, sai ku tambaya wurin awo ko asibitinku yana cikin tsarin.

Matasa masu niyyar ba da jini idan buƙata ta taso, ku same ni a ofis bayan sallah a rubuta suna da rukunin jini.

Allah Ya sauki matanmu lafiya, Ya raya mana zuri'a a kan Sunna, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a kan gwiwa. Amin.

Sakataren Masallaci