Alhakin Ƙudan Zuma A Wuyan Wa?

A hutun makaranta da ya wuce na kai ziyara ƙauyenmu, na tarar dattawa sun zauna sulhu a gindin tsamiya tsakanin kawuna da wani maƙwabcinsa. Shi kawu manomin kankana ne a fadama, maƙwabcin kuwa mai kiwon zuma ne, amyoyinsa na rataye a kan ɗorawar da ke bakin lambun. Abin da ya haɗa su shi ne, kawu ya yi wa kankanarsa feshi da hantsi tana tsakiyar fure, washegari mai zuma ya iske ƙudansa zube a gindin itace, ya ce sai an biya shi. Kawu ya ce, "Malam, gonata ce, da kuɗina na sayi magani, kuma tsutsa na nufa. Wa ya aiki ƙudanka cikin lambuna?"

Wannan tambaya ta kawu ita ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin a tawa fahimtar ba maganar mutum biyu ba ce kawai. Shin mutum yana da ikon yin abin da ya ga dama a gonarsa, ko da zai halaka wata halitta da bai nufa ba?

Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mai karatu ya san abin da ke kai ƙudan zuma lambu. Kankana da kabewa da gurji da kokwamba suna fitar da fure iri biyu a jikin yaɗo ɗaya, wato namiji daban, mace daban. Idan ba a ɗauki garin furen namiji an kai wa macen ba, ɗa ba zai zauna ba, in ma ya zauna sai ya fito ƙarami a karkace. Furen kankana kwana ɗaya yake yi a buɗe, kuma da safe ƙudan zuma ke zuwa masa. Ashe ke nan wanda kawu ya kira ɗan kutse ɗan ƙodago ne da ke yi masa aiki ba ko sisi. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kusan kashi uku cikin huɗu na ire-iren amfanin gonar da ɗan Adam ke ci suna amfana da irin wannan hidima.

Magungunan zamani kuwa ba su san abokin gaba ba, balle masoyi. Wasu suna kashewa nan take idan sun taɓa jikin ƙwaro. Wasu kuma, irin su imidakulofirid da ya shigo kasuwa a farkon shekarun 1990, shiga suke yi cikin jikin shuka, su bi ta har ruwan fure da garinsa. Ƙudan da ya sha kaɗan ba lallai ya mutu a wurin ba, amma sai ƙwaƙwalwarsa ta rikice. A shekarar 2012 masu bincike a Faransa sun nuna cewa ƙudan da ya sha wani daga dangin wannan magani yakan kasa gane hanyar komawa amya. Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da uku daga cikinsu a 2013, sannan a 2018 ta hana amfani da su a fili baki ɗaya.

To, sai dai adalci bai yarda mu ɗora wa manomi laifi duka ba. Wanda ya ga yadda tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da Katsina a shekarar 2016, ba zai ce wa mai lambu ya jefar da famfon feshi ba. Mutum ne da ya ci bashin iri da taki da man injin ban ruwa, ga iyali na jira. Daɗin daɗawa, galibi a kasuwa yake sayen maganin, an ɗura a kwalba ba takarda, in ma da takardar da Turanci aka rubuta gargaɗin. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: mai sayarwa da malamin gona da hukuma kowa yana da nasa kaso.

A ganina, alhaki yana bin sani ne da iko. Niyyar kawu ta kashe tsutsa ta wanke shi daga mugunta, amma ba ta dawo da ƙudan da suka mutu ba. Iyakar gona kuwa ba ta tsare iska, ba ta tsare ƙudan da kan yi tafiyar kilomita biyu ko uku neman fure. Tunda haka ne, mallakar gona ba ta ba mutum ikon zuba guba yadda ya so. Mu da muka taso muna karanta sura sukutum mai sunan wannan ƙwaro, muka kuma ji an ruwaito hani ga kashe shi, bai kamata a ce sai Turawa sun tuna mana darajarsa ba.

Abin da ake nema kuma bai fi ƙarfin talaka ba. Kada a yi feshi ana tsakiyar fure sai ya zama dole. In ya zama dole, a bari sai yamma liƙis bayan ƙudan sun koma gida. A tsaya a kan ma'aunin da aka faɗa, a kuma sanar da mai amya tun da wuri. Wanda ya san wannan ya ƙi yi, ba shi da sauran uzuri, kuma garin gyaran gira zai rasa ido.

Da aka ba ni dama a zaman nan, na ce, "Kawu, a gafarce ni, wa ke haɗa maka furen kankana?" Ya yi shiru, don bai taɓa jin zancen ba. Aka tashi a kan zai riƙa feshi bayan la'asar, ya kuma aika wa maƙwabcinsa kafin ya yi. Diyya dai ba a biya ba, mai zuma ya haƙura ya tafi da asararsa, kuma har yau ban tabbata an yi masa adalci ba. Allah Ya sa mu gane hakkin da ke kanmu.